GARGAƊI: masu tallan tafiya hutu Zanzibar, a karanta kafin a tura ko sisi

Assalamu alaikum jama'a. Dan girman Allah duk wanda ya san yana shirin fita hutu ƙasar waje, ko ango da amarya masu son tafiya bayan biki, ko ƙawaye masu haɗa kuɗi su je su sha iska, a daure a karanta wannan har ƙarshe duk da ya yi tsawo, sannan a tura wa 'yan uwa. Akwai wasu 'yan damfara da ke buɗe shafi a Instagram da TikTok suna tallan tafiya Zanzibar, wai kwana biyar, tikitin jirgi da otal a bakin teku da biza da abinci da yawon kwale-kwale duk a kuɗi ɗaya, kuma wallahi ba wanda suka taɓa kaiwa ko ina. Sun cuci ƙanwata da mijinta, sun cuci wasu bayin Allah da yawa da ke guruf ɗaya da su. Ba zan sa sunan shafin ba saboda canza suna suke yi kullum, kuma akwai kamfanonin kirki masu suna kusan iri ɗaya, kar in ja wa wanda bai ji ba bai gani ba. Yadda suke aikin shi zan faɗa, dan shi ne ba ya canzawa.

Tallan ya fito ne cikin azumi, wai tafiyar bayan ƙaramar Sallah ta 2025, wato watan Afrilu. Shafin tsaf, mabiya dubbai, bidiyon farin yashi da ruwa shuɗi, mata da abaya suna tafiya a bakin teku, an rubuta abinci halal, masallaci kusa, tafiyar mutunci ta iyali. Da wannan suke kama mutanenmu, dan sun san Zanzibar garin Musulmi ne kuma namiji zai fi sakin jiki ya kai matarsa can. Kuɗin da suka sa kuwa bai kai ko na tikitin jirgi kaɗai ba in ka duba da kanka, a lokacin da dala ta haura naira 1,500. In ka tambaya me yasa da araha haka sai su ce ai kujeru suka saya da yawa tun tuni, kamfanin jirgi ya yi musu ragi, kuma saura mutum huɗu a rufe.

Wadda ke amsa waya mace ce, Hausa a bakinta rangaɗaɗau, ga ladabi kamar me. Hajiyata kaza Hajiyata kaza, Allah ya bar ƙauna, ki gaida Alhaji. Ta ce wa ƙanwata ba sai sun biya duka lokaci guda ba, su fara bada rabi a kama musu kujera, sauran a cika kafin sati biyu. Da suka tura sai aka sa su a wani guruf na WhatsApp, a ciki kullum sai kaga wasu suna turo rasit suna Alhamdulillah na cika nawa, wata ta ce ai ita wannan ne zuwanta na biyu da su, wani ya turo hoton akwati wai ya fara shiri. Daga baya ne aka gane lambobin da suka fi zuba a guruf ɗin duk nasu ne, rana ɗaya suka mutu tare da lambar ita Hajiyar mai amsa waya.

To ga inda nake so kowa ya buɗe kunne, dan nan ne mugun wayon yake. Mijin ƙanwata ma'aikaci ne, ɗan boko, ba wanda za a yi wa wasan yara bane. Ya ce ba zai cika kuɗi ba sai ya ga tikiti. Ba su yi musu ba ko kaɗan, washegari suka turo takarda mai tambarin kamfanin jirgi, da sunansa da na matarsa, Kano zuwa Addis Ababa, Addis Ababa zuwa Zanzibar, da ranar dawowa, da wata lamba mai harafi shida da ake cewa PNR. Har ita Hajiyar ce da kanta ta ce Alhaji dan Allah kar ka yarda da maganata, ka shiga shafin kamfanin jirgin ka sa lambar ka gani da idonka. Ya shiga, ya sa, sunansu ya fito ɓaro-ɓaro. Wa zai ga haka ya ƙi cika kuɗi? Ya cika a daren.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shine bukin, wato kama kujera, daban, tikiti daban. Duk wani ejan, kai har wanda ba ejan ba, zai iya kama kujera da sunanka ba tare da ya biya kuɗin tikitin ba, kamfanin jirgi zai riƙe na kwana ɗaya ko biyu ko uku, in ba a biya ba kwamfuta ta goge da kanta. Kamar dai ki shiga Kwari ki ce wa mai shago ajiye min atamfar nan zan dawo, ya ajiye miki a gefe, amma ai ba taki bace tunda ba ki biya ba, in yamma ta yi bai ganki ba ya mayar cikin kaya. Cikin waɗannan kwanakin duk wanda ya duba zai ga sunansa da gaske, ba takardar bogi bace, shi yasa ma take cin mutane. Su kuma cikin kwanakin suke matsa maka da kira, a cika a cika za a rufe.

Tikitin da aka biya kuɗinsa yana da wata lamba daban mai alƙaluma 13, kuma ukun farko na kamfanin jirgin ne, na Ethiopian yana farawa da 071, na Kenya Airways 706, na Qatar 157, na EgyptAir 077. In takardar da aka turo maka ba wannan lambar, to ba ka da tikiti, ko da tambari goma ne a jiki. In kuma akwai, kar ka tsaya nan, dan rubuta lamba 13 a takarda ba wuya bane, ka kira ofishin kamfanin jirgin ko ka taka ka je da ƙafarka ka ce a duba maka ko an fitar da tikitin, sannan ka sake dubawa bayan kwana huɗu ko biyar, ka sake dubawa ana saura kwana biyu tafiya. Dalili kuwa akwai masu fitar da tikitin gaske su soke a ranar kuɗinsu ya koma musu, akwai kuma masu saya da katin bankin sata, sai mai katin ya kai ƙara a soke tikitin kana can kana ɗinkin kayan tafiya.

Otal ma haka suka yi. Sun turo takardar kama ɗaki a wani otal na gaske a Nungwi, can arewacin tsibirin inda aka fi yawan zuwa. Irin bukin ɗin nan ne na intanet da ake cewa sai ka iso ka biya kuma kana iya sokewa kyauta, kowa zai iya yi a wayarsa cikin minti biyar. Da abin ya fashe mijin ƙanwata ya tura wa otal ɗin imel, suka amsa masa cewa eh an taɓa kama ɗaki da sunan amma ba a biya komai ba kuma an soke tuntuni. Wannan imel ɗin guda ɗaya shine abin da ya kamata kowa ya tura tun kafin ya biya, ka nemo adireshin otal ɗin da kanka, ba wanda ejan ya baka ba, ka tambaye su abu biyu, akwai ɗaki da sunana, kuma an biya?

Sai biza. Ita Hajiyar ta ce musu kar su damu, ai Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar take ciki, a filin jirgi ake buga wa mutum biza, su dai su ƙara kuɗin aiki za a turo musu takardar shiga. Ƙarya ce tsagwaronta. Eh akwai ƙasashen da ake ba mutanensu biza in sun sauka, amma shekara da shekaru Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin jerin da Tanzaniya ta ware ta ce sai an nema tun daga gida an jira amincewar hukumar shige da ficensu, kuma haka dokar take a lokacin da aka yi musu wannan. Hukumar da kanta ta rubuta a shafinta cewa masu irin wannan fasfo su nema da wuri, kamar wata biyu kafin tafiya, kuma kar su sayi tikiti ko su biya otal sai biza ta fito. Kunga kenan duk wanda ya ce maka kawo kuɗi yau mu tafi Zanzibar nan da sati uku da koren fasfo, tun daga nan ya kamata ka tsaya ka shiga shafin hukumar ka karanta dokar da ake kai a ranar. Kuɗin bizar yawon buɗe ido ta yau da kullum dala 50 ne, kuma in an nema maka da gaske akwai lambar nema da za ka sa a shafin gwamnatin Tanzaniya ka ga inda aka kwana. Ka ce a baka lambar. In aka fara yanzu-yanzu, oga baya nan, netwok ba kyau, to ka san inda aka dosa.

Ana saura kwana kaɗan tafiya suka sake dawowa da wata, wai gwamnatin Zanzibar ta kawo sabuwar dokar inshora, kowa ya turo dala 150 ko a hana shi shiga. Abin takaicin shine dokar gaskiya ce, tun 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar kamfanin gwamnatinsu, amma dala 44 ce ga babban mutum, tana aiki har kwana 92, kuma da kanka za ka saya a intanet a turo maka takarda mai lambar QR. Haka suke, su ɗauko gaskiya guda su lulluɓe ƙarya da ita, in ka bincika kaga ai da gaske akwai dokar sai hankalinka ya ƙara kwanciya. Katin rigakafin shawara kuwa, wannan mai ruwan ɗorawa da ake tambayar duk wanda ya fito daga Najeriya, shi ma cewa suka yi a kawo kuɗi za su yi wa mutum ba sai an masa allura ba. Dan Allah kar wanda ya yarda da wannan ko daga wa, ka je ofishin lafiya na filin jirgi a yi maka allurarka a baka katinka, kuma a yi aƙalla kwana 10 kafin tafiya dan sai sannan katin yake fara aiki.

Wani abu kuma, ko da a ce tafiyar gaskiya ce, Afrilu tsakiyar damina ce a Zanzibar. Babban ruwansu daga Maris ne zuwa Mayu, har wasu otal-otal rufewa suke yi a lokacin, akwai kuma ƙaramin ruwa wajen Nuwamba. Ejan na gaskiya zai gaya maka wannan, ya ce in rana kake so ka bari sai Yuni zuwa Oktoba ko wajen Janairu da Fabrairu. Su ko sau ɗaya ba su ambata ba dan ba su san wajen ba, hotunan ma na sata ne. Wani hoto da suka fi yawan sawa na ɗakuna a jere a kan ruwa, da aka sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, sai ga shi na wani otal ne a Maldibs, wata ƙasa daban can kusa da Indiya.

Ranar tafiya ita ce ba na son tunawa. An yi wa ƙanwata lalle, an yi kitso, Hajiyarmu ta soya musu dambun nama ta ƙulla a leda wai ko abincin can bai karɓe su ba, yara an kai gidan kaka. Suka isa filin jirgin Malam Aminu Kano da akwatuna, a can suka haɗu da wasu 'yan guruf ɗin, har da wata baiwar Allah da ta taso tun daga Gusau da 'yarta. Ma'aikacin ya karɓi fasfo ya daddanna kwamfuta, ya sake dannawa, ya ɗago ya ce Alhaji wa ya yi muku wannan bukin ɗin, ai babu sunanku a jirgin nan. A kira Hajiya, waya a kashe. A duba guruf, an cire kowa. Shafin Instagram ɗin kuwa tun asuba aka yi bulokin ɗinsu. Ƙanwata ta ce min ita ba kuɗin ne ya fara zuwa ranta ba, tunanin yadda za ta koma unguwa da akwati bayan ta yi sallama da kowa ne ya sa ƙafarta ta kasa ɗaukarta.

Kuma wallahi wannan kunyar ita ce jarin mutanen nan. Sun san halinmu. In aka damfari mutum a kuɗin Umara kowa zai tausaya masa a taya shi neman haƙƙi, amma in aka ce kuɗin yawon shaƙatawa ne sai kaji ana wa ya aike su, duk yunwar da ake ciki su teku za su gani, Allah ya ƙara. Shi yasa mafi yawan 'yan guruf ɗin suka yi gum, wasu ma cewa suka yi a gida an ɗaga tafiyar. Ni ban yarda da wannan ba sam. Mutum ya yi guminsa, wata adashe ta yi na shekara guda, wani bashin ofis ya ci dan ya faranta wa matarsa, ba haram suka nufa ba, ganin ƙasar Allah za su yi. Wanda ya zalunce su shine abin zagi, kuma duk shirun da aka yi wata ce za ta faɗa gobe.

In za ka biya wani ejan, akwai abubuwan da ba sa cin ko awa ɗaya. Ka sa sunan kamfanin a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka ga ko yana da rajista, sannan sunan da ke kan akawun ɗin da za ka tura kuɗi ya zama shine sunan kamfanin. Su ƙanwata akawun ɗin wani mutum aka ba su a irin bankunan wayar nan, da za su cika kuma aka ba su wani sunan daban wai na akanta ne, na farko ya cika. Akawun ɗin kamfani ba ya cika jama'a. Rajistar CAC ita kaɗai kuma ba shedar gaskiya bace, ɓarawo ma yana iya yi, dan haka ka tambaya ko suna cikin NANTA, ƙungiyar masu harkar tafiye-tafiye ta Najeriya, ko suna da lambar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ka bincika da kanka. A Instagram in ka danna sunan shafi ka shiga bayanin akawun, zai nuna maka watan da aka buɗe shi da sau nawa aka canza masa suna. Nasu da aka duba daga baya ya sha canji, a da ma shafin sayar da mayafai ne suka saya da mabiyansa.

Uwa uba ofis. Ka je ka zauna a kujerarsu, ka ga fuskar wanda za ka ba kuɗinka, ka tambayi masu shagon kusa tun yaushe suke nan. Adireshin da suka rubuta a shafi wani bene ne a Abuja, da aka tura wani ɗan uwa ya duba sai mai gadi ya ce shi bai taɓa jin sunan ba, kuma ba shine na farkon zuwa tambaya ba. Kuma dan Allah masu mabiya da yawa da ake biya ku tallata irin wannan, ku ji tsoron Allah. Ƙanwata a wajen wata da take bi take ganin mutuncinta ta fara ganin tallan, da aka koma mata da magana sai ta ce ita talla kawai aka ba ta. Mutane saboda ke suka yarda, bincike na yini ɗaya bai fi ƙarfinki ba.

Wanda kuma abin ya riga ya same shi, kar ka tsaya jiran ko za su kunna waya. A ranar ka je bankinka ka rubuta ƙorafi, ka ba su lambar tiransifa da akawun ɗin da kuɗin ya shiga, saboda mutanen nan ba sa barin kuɗi ya kwana, rarraba shi suke yi. Ka kai rahoto wajen 'yan sanda ka karɓi takarda dan banki zai iya nema, wani lokacin har da umarnin kotu kafin a riƙe akawun. Ka rubuta wa EFCC, suna da ofis a Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe da Maiduguri. Kar ka goge komai, hira da saƙon murya da rasit da takardun da suka turo da hoton shafin, ka ajiye a waje biyu. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai irin wannan laifin, kuma ƙara ta fi ƙarfi in kun haɗu da yawa, dan haka ku nemo juna. A kula kuma da masu biyo baya su ce su lauyoyi ne ko masana kwamfuta za su dawo maka da kuɗinka in ka bada wani abu, an kira mijin ƙanwata da irin wannan cikin satin, kuma ba wanda ya san lambarsa da abin da ya faru sai 'yan cikin harkar.

Abin da ya sa na ce sai na rubuta yanzu shine wata daga cikin waɗanda aka cuta ta turo mana wani sabon shafi, suna daban, kala daban, amma muryar da ke cikin bidiyon ita ce dai ta Hajiyar nan, har da Hajiyata ɗin. Yanzu Maldibs suke talla da Bali, tafiyar ƙarshen shekara, har sun sa kuɗin biza a lissafi. A sani Maldibs ba ta karɓar kuɗin bizar ɗan yawon buɗe ido, kwana 30 take bayarwa kyauta in ka sauka da tikitin komawa da shedar otal, fom ɗin da ake cikewa a intanet cikin awa 96 kafin isa shi ma kyauta ne. Bali kuma a Indunusiya take, ɗan Najeriya ba ya shiga sai da biza ta musamman da ake tantancewa tun daga gida, ba abin da ejan zai gama maka a sati ɗaya bane. Mun kai rahoton sabon shafin, wanda duk ya ci karo da shi ko mai kama da shi ya danna rifot, ya ɗauki hoton lambar akawun ɗin da suka bayar ya haɗa da ƙorafinsa. In kuma akwai wanda ya riga ya ba su rabin kuɗi, kar ya cika, ya nufi banki gobe da safe.